Gujiyar Kasuwa da Gujiyar Gida

Na fara da sunan Allah, wanda ya saukar da ciwo bai kuma ɓoye maganinsa ba, mu ne dai kan makara wajen ganinsa. Sunana Ramu, mai man gujiya ce ni a Filinge, gujiyar nan da mutanen gabas ke ce wa gyaɗa. Shekara ashirin da wani abu ina suya, ina niƙa, ina matsa, ina toya ƙuli-ƙuli. Wannan labarin jinyar maigidana ne. Ba na kama sunansa, ba a yi mini wannan tarbiyya ba, amma a kasuwa Garba Maɗinki ake ce masa, to na faɗa sau ɗaya ke nan, ba na ƙarawa. Da ɗan karatun da na samu a ajin manya nake rubuta wannan, saboda matan da ke sana'ata. Ba na son wata ta yi abin da na yi tana ganin alheri take yi.

Duk mai yin mai ta san abin da zan faɗa. In an ɓare gujiya aka zauna tsinta, ƙwarya biyu ake ajiyewa. Ɗaya ta kasuwa: cikakkiya, ja, mai sheƙi. Ɗayar kuwa ta gida: motsattsiya, wadda tsutsa ta huda, wadda ta yi baƙi-baƙi ko kore-kore. Ba a haɗa su, don 'yan ƙwayoyi daga cikin mummunar sun isa su sa ƙulin tiya guda ya yi ɗaci, mai saye kuwa in ya tofar sau ɗaya ba ya dawowa. Ba a kuma zubarwa. Wa ke zubar da abinci? A soya ta da kyau, a niƙa, a dama kunu, a sa tsamiya da sukari, ɗacin ya ɓace. Haka na ga uwata tana yi, ita ma haka ta ga tata.

Shekarar da nake magana damina ta yaudare mu. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gujiya ke cika, hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Da na cire ɗan abin da ya samu a 'yar gonata na tara, sai ga hadari, ruwan da muka yi wata muna roƙo ya zo ya zuba a kan tarin. Na ruga da wata babbar leda na rufe, na danne gefuna da duwatsu, har ina yaba wa kaina wayo. Washegari aka aiko da rasuwa daga Abala, na tafi gaisuwa na yi kwana huɗu. Da na dawo na yaye ledar, wani zafi ya bugi fuskata, da wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Na shanya a ƙasa yini biyu na zuba a buhu. Da na zo tsinta, ƙwaryar gida ta kusa kamo ta kasuwa.

Wallahi har daɗi na ji. Rumbu babu hatsi, na ce to Allah ya kawo abin da za a riƙe ciki da shi. Mu biyu ne kawai a gidan, ɗiyanmu mata biyu duk suna ɗakunansu. Ni kuma ba na iya shan kunun gujiya. Wadda ta yini a kan kaskon suya, ƙamshin nan har cikin gashinta, ba ta marmarinsa. Shi ne mai so. Safe kwano guda, in ya dawo daga kasuwa kwano guda, tun daga kaka har bazara.

Ciwon ya faro masa ba da daɗewa ba bayan sojoji sun karɓi mulki. Ina tunawa don rediyonsa ba ya rabuwa da kunnensa a kwanakin, sai ga shi ranar ya dawo tun kafin azahar bai ko kunna ba. Ya ce ƙafarsa ta kasa taka keken ɗinki. Satin farko muka ce zazzaɓin bazara ne. Kasala, ciwon kai, tuwo in ya gani sai ya kau da fuska. Sati na biyu ya ɗaga wani farin yadi kusa da fuskarsa yana duba ɗinki, sai na ga idonsa a gefen farin nan.

Na ce, "Malam, dube ni nan."

Ya ce, "Mi ya faru?"

Idon nan ruwan ɗorawa ne sosai. Fitsarinsa kuma ya koma kamar shayin da aka manta a kan garwashi. Shawara ce, ba sai an tambayi kowa ba.

Daga nan gidanmu ya koma kasuwar magani. Maƙwabciyata Tani ta kawo saiwar rawaya. Wani tsoho ya kawo ɓawon marke. Wani ya ce sai nonon raƙumi, har da sunan Buzun da za a nema. Liman ya aiko da rubutu, wannan kam mun karɓa da hannu biyu. Kowa ya kushe maganin ɗan'uwansa, amma a kan abu ɗaya bakinsu ya zo ɗaya: mai shawara ba ya cin nama, ba ya cin mai.

A nan na yi kuskuren da mai yin mai ce kaɗai za ta yi shi. Na ce to in mai ne matsalar, ai cire mai sana'ata ce. Na ɗauki gujiyar gida na soya, na niƙa, na matse ta har hannuna ya yi ciwo, har ba ɗigo. Tunkuzar da ta rage nake dama masa. Kuma da yake ita kaɗai ce ke zama a cikinsa, daga kwano biyu na mayar da shi uku. Ina tsaye a kansa ina lallashi, "Daure ka shanye, Malam, ƙarfi za ka yi." Yana shanyewa don kada raina ya ɓaci.

Sati na uku muka je gidan likita. Tun bayan asuba muke layi, ba a kira mu ba sai da inuwar bango ta ƙare. Ba na zagin kowa, ma'aikatan ba su da yawa, mu kuwa kamar an yi shela. Amma mutum yana jingine jikinka yana nishi, kai kana kallon ƙofa tana buɗewa tana rufewa, ranka dole ya ɓaci. Majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya ja masa fatar ido ya duba, aka ɗebi jini, aka sa masa ƙarin ruwa kwana uku. Muka dawo gida. Kafin sati ya zagayo ƙafafunsa sun kumbura, in ka danna da yatsa ramin ya zauna. Takalminsa ya ƙi shiga. Majo ya rubuta mana takardar Yamai, ya ce kada mu kwana biyu. Na sayar da tunkiyata muka shiga mota.

A hanya akwai shingen sojoji, ana sauke kowa ana duba takardu. Wani soja ya leƙo, ya ga idon Malam, ya ce da direba, "Wannan kada a sauke shi." Ya miƙo mana ruwa a gorarsa. Ban san sunansa ba, amma har yau yana cikin addu'ata.

A Yamai yayarsa ta same mu, Yaya Hajjo, wadda ke zaune a Tabla. Ita ta goye shi yana jinjiri, kuma ba ta taɓa barin wani ya manta da haka ba. Doguwa ce, mijinta ya rasu, bakinta kuwa ko ɗan sanda ba ya ja da ita. Shekara ashirin da aurena amma "amarya" take ce mini, in tana son ta nuna mini ban san komai ba. Wani ɗan'uwansu a can shi ke aiko mana da abinci daga gidansa, shinkafa da kunun hatsi. Ni ba ni da tukunya a Yamai, balle gujiya.

Aka yi gwajin jini kala-kala, aka shafa masa wani abu mai sanyi a ciki aka haska da na'ura. Lokotoron da ya gan shi, wato babban likita, yaro ne a idona, amma yana da natsuwa. Maganarsa ta zauna mini har yau. Ya ce, "Hantarsa ta kumbura. Akwai tsohon ciwo kwance a jininsa, epatit, ciwon hanta, mutane da yawa na yawo da shi ba su sani ba. Amma shi kaɗai bai isa ya kayar da shi da sauri haka ba. Akwai abin da ke dukan hantar nan kullum." Ya tambaya ko yana shan giya. Na ce subhanallahi, mutumin da sahun farko a masallaci ba ya wuce shi! Ya tambayi saiwoyi, na lissafa, ya ce a daina duka. Bai tambayi kunu ba. Ni ma ko a mafarki ban ga dalilin faɗa ba.

Sati uku muka yi. Kumburi ya saɓe, ido ya fara washewa, har ya soma tsokanar masu shara. Aka sallame mu, muka dawo Filinge ana ta barka. Ni kuwa don murna, tun ranar na hura wuta na dama masa abin da ya fi so.

Kwana goma sha biyu. Rana ta goma sha uku ya tashi da amai, ido ya koma gidan jiya.

Yaya Hajjo ta zo a motar kasuwa. Ta shiga ta dube shi, ta fito ta tsaya tsakar gida, ba ta ko zauna ba.

Ta ce, "Amarya, ni ban yi boko ba amma ina da ido. Can Yamai da ba hannunki cikin abincinai, ya tashi. Ya dawo hannunki, ya kwanta. Ke faɗa mini, mi kike ba ƙanena?"

Na ce, "Yaya, mi kike nufi?"

Ta ce, "Abin da kunnenki ya ji."

Na ce mata maganganun da ba zan rubuta ba. Na ce ina take lokacin da nake wanke masa amai, na ce in ta isa ta kai ni gaban alƙali. Tani ta shigo tana riƙe ni. Shi kuma daga ɗaki muryarsa ƙasa-ƙasa, "Yaya, ki bari. Yaya, don Allah ki bari." Ba ta bari ba. Kafin la'asar ta samo mota, aka ɗauke shi aka tafi da shi Tabla. Na tsaya bakin ƙofa da zanen da nake shimfiɗa masa a hannuna.

Magana ba ta kwana a Filinge. Ranar kasuwa matan da suka shekara goma suna sayen ƙulina suka riƙa wucewa suna gaishe ni daga nesa. Wannan bai dame ni ba kamar labarin da direbobi ke kawowa daga Tabla: ya fara zama, ya ci tuwo, ya taka har masallaci. In na ji sai in ce alhamdulillahi, sai kuma wani abu ya soke ni a ƙirji, don kowane sauƙi da ya samu shaida ce a kaina. Na ƙulla tunkuza a leda na aika a dama masa. Yaya Hajjo ta dawo mini da ita ko kwance ƙullin ba ta yi ba. Ranar na yi kuka na tsine mata a zuciyata. Yau albarka nake sa mata.

A wannan lokacin sojoji sun riga sun faɗa a rediyo cewa akwai yunwa a ƙasa, motoci na ta yawo ana rubuta sunayen mabukata. Wata safiya Tani ta shigo da gudu.

Ta ce, "Ramu, ga masu rubutu nan, har sun kai gidan Liman. Ɓoye buhunki mai kyau! In sunka ga kina da abu ba su sa ki. Fito musu da mummunar."

Na tura buhun kasuwa ƙarƙashin gado, na ɗauko ƙwaryar gida na ajiye tsakar gida inda ido zai fara sauka. Har na zaɓi tsohon zane na ɗaura. Allah ya yafe mana.

Sai ga wata mata, Bazabarma, da takalmin maza da jaka a kafaɗa. Ta yi gaisuwarsu ta Zabarmawa, "Fofo," ta ce sunanta Madam Fati. Hausarta a karkace take amma ana ganewa. Ta ce su ba masu rabon abinci ba ne, masu bincike ne daga Yamai, suna bin gidaje da kasuwanni suna ɗibar hatsi da masara da gujiya tafi ɗaya-ɗaya don su auna. Na ji haushi, na ce a raina ashe a banza na ɓata adona. Ta tsuguna gaban ƙwaryar, ta ɗebo, ta fasa ƙwaya ɗaya da farce, ta shinshina.

Ta ce, "Wannan na awaki ne?"

Ni da nake son in nuna talauci, sai na ce, "Wane awaki, Madam? Ita muke ci."

"Wa ke ci?"

"Maigidana."

"Yana ina?"

Na ce yana Tabla kwance, shawara ta kama shi wata na uku ke nan. Sai na ga ta daina murmushi. Ta jawo turmi ta zauna, ta yi ta tambayata: tun yaushe yake sha, sau nawa a yini, yaya aka shanya gujiyar. Na ba ta labarin ledar. Ta zuba ta gida a 'yar jaka ta rubuta lamba, ta ce in kawo wadda nake sayarwa ma. Na shiga ina jin kunya na jawo buhun da na ɓoye. Da za ta tafi ta riƙe hannuna ta ce kada wani mai rai ya sake cin ta ƙwaryar nan sai ta dawo, ko akuyar da ake tatsa.

Sati uku na yi ina kallon hanya. Ta dawo da kanta, ta sa aka bar mu mu biyu. Ta ce hunhuna, wato kore-koren nan da ke kama gujiya da masara, in fari ya wahalar da shuka sannan danshi ya same ta bayan girbi, tana barin wata guba a cikin ƙwayar. Ta kira sunanta, aflatoksin, na sa ta maimaita har na riƙe. Hanta take bi. Ta ce ta kasuwata da sauƙi, amma ta gida, a duk abin da suka kwasa a ƙasarmu ta Kurfai ba su ga mai kamarta ba.

Na ce, "Amma ina soyawa, Madam. Har ta yi ja sosai."

Ta ce, "Wuta ba ta kashe ta."

"Na matse man duka."

Ta ce, "In an matse, yawancinta a tunkuza take zama."

Kwano uku a yini, ina tsaye a kansa ina cewa ya daure. Na ce, "Ashe ni na kashe shi."

Ta ce, "Ya mutu?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To ki daina yi wa mai rai kuka, tashi ki wanke fuska." Ta ce ita ba likitar mutane ba ce, ba za ta rantse cewa gujiyar ce kaɗai ba, amma za ta rubuta takarda a kai wa lokotoronsa. Sannan ta ce in kwantar da hankalina, a wurinsu lamba ce a jikin jakar, ba suna ba, ba wanda zai ji daga bakinta.

Na yini ina juya maganar nan. In na yi shiru, na daina ba shi, ya warke, a hankali mutane za su manta. In na faɗa, na tabbatar wa Yaya Hajjo abin da ta ce a tsakar gidana. Amma shi fa? Duk gidan da ya shiga za a iya miƙa masa kwano irin wannan, ya karɓa da bisimilla. Washegari na ɗauki takardar da ƙwaryar na shiga motar Tabla.

Na sami Malam a zaure yana zaune, ya ɗan yi kumari, idon da saura amma ba kamar da ba. Ya gan ni ya yunƙura zai tashi. Yaya Hajjo ta fito da muciya a hannu ta tsaya tsakaninmu.

Ta ce, "Mi ya kawo ki?"

Na durƙusa na ajiye ƙwaryar gabanta. Na ce, "Yaya, kin yi gaskiya. Hannuna na. Ga abin da nike ba shi." Na faɗa mata duka, tun daga ledar har zuwa tunkuzar, ban rage komai ba. Ina jira ta tara mini gari.

Ta dubi ƙwaryar ta daɗe. Sai ta juya ta shiga ɗaki, ta fito da wata ƙwarya ta ajiye kusa da tawa. Ba ta kai tawa muni ba, amma 'yan uwan juna ne.

Ta ce, "Wagga fa? Jikokina ukku na shan ta kullum safe." Muryarta na rawa. Ban taɓa jin muryar Yaya Hajjo ta yi rawa ba. Malam bai sha tata ba ne kawai don ta hana shi duk abin da ya shafi mai.

Mu biyu muka haƙa rami bayan gida muka binne su, a shekarar yunwa, maƙwabta na leƙe ta katanga suna cewa mun haukace. Da muka gama ta karkaɗe hannu ta ce, "Ni dai hannunki na ce, ban ce zuciyarki ba." Ƙarya take yi, har zuciyar ta ce. Na bar ta, don daga ranar ba ta sake kirana amarya ba.

Bari in yi gaba kaɗan sannan in dawo, don abin da ya sa nake rubutun ke nan. Madam Fati ba ta ɓace ba. Damina biyu tana zuwa, har bayan sojoji sun mayar da mulki. Ta raba 'yar gonata biyu da igiya. Gefe ɗaya ta ce in yi yadda na saba. Ɗaya gefen kuma a cire gujiya da zarar ta nuna, a kifa ta 'ya'yan suna kallon rana, a shanya a kan shimfiɗa ba a ƙasa ba, sai ta yi ƙara in an girgiza. In hadari ya taso a kwashe a kai inuwa mai iska, kada a danne da leda. Buhu a ɗora kan itace, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Har wani abu ta kawo mai kama da dawa aka watsa a gonar, wai wata hunhuna ce marar guba da ke riga mugunyar kama wuri. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce yau ga masu ilimi na shuka hunhuna. Ta ce gwaji suke yi, su ma ba su gama sani ba. Da aka auna, gefensu ya fi nawa tsabta nesa ba kusa ba, abin tsincewa ma kaɗan ne.

Ina da ƙorafi, ba zan ɓoye ba. Shimfiɗun da suka kawo ba su ishe mu ba, har faɗa aka yi a kansu. Kuma na tambaye ta gaban mata, na ce wadda ba ta da komai a ɗaki sai ta gida, ki ce ta binne, 'ya'yanta su ci me? Ba ta da amsa, ba ta kuma yi kamar tana da ita ba. Ta ce shi ya sa suke fama tun daga gona, don abin binnewar ya zama kaɗan. Na gode mata da wannan gaskiyar, na gode wa lokotoron Yamai, na gode wa Tani da ta ba ni gurguwar shawarar da ta zama alheri. 'Yan uwana masu mai, ƙwarya ɗaya ce yanzu a gabana in ina tsinta. Abin da bai isa in sayar wa baƙo ba, bai isa in ba nawa ba.

To, in koma. Malam ya ƙara wata guda a Tabla, muka kai takardar Yamai. Lokotoro ya karanta ya gyaɗa kai, ya ce hantar na farfaɗowa, amma tsohon ciwon yana nan, sai an riƙa dubawa lokaci-lokaci har iyakar rai. Muna zuwa har yau. Daga tasha da ƙafarsa ya tako gida, takalminsa a ƙafa.

Sai ga wani ciwon a wurina. Na kasa yi masa girki. In na ɗauki muciya sai hannuna ya mutu. In na dubi gari sai in ga kamar akwai abin da idona bai gani ba. Na roƙi Tani ta riƙa zubo masa daga tukunyarta, ni ina ba ta hatsin. Kwana uku yana ci bai ce komai ba. Rana ta huɗu da azahar na ajiye masa kwanon, ya buɗe, ya rufe, ya tura gefe.

Ya ce, "Mai da mata."

Na ce, "Malam, ba ka jin daɗi na?"

Ya ce, "Lafiyata lau. Ni ba gwauro ba na, da za a riƙa yi mini sadakar tuwo ta katanga."

Na ce, "Tsoro nike ji."

Ya ce, "Na sani. Ni da na sha ban ji tsoro ba sai ke? Wata shidda ina jin ɗaci-ɗaci ƙasan tsamiyar nan ban faɗa miki ba, don kada ki ce na raina. In laifi na, mu raba. Tashi ki hura wuta, nan nike zaune."

Ya jawo tabarma ya zauna bakin madafa ya harɗe ƙafa. Na tankaɗe garin sau uku. Na wanke tukunyar da ba ta da datti. Hayaƙi na shiga idona, na ji daɗin hakan don ya rufa mini asiri. Har la'asar ta kusa bai motsa ba, bai kuma ce in yi sauri ba. Na tuƙa tuwon hatsi, na kaɗa miyar kuka, na ajiye gabansa, na koma gefe na kasa kallo.

Na ji ya yi bisimilla. Na ji loma ta farko, ta biyu, ta uku. Sai ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Ramu."

Na ce, "Na'am?"

Ya ce, "Gishiri bai ji ba. Kuma ƙaro tuwon."